Aikin Gayya a Intanet: Rumbunan Bayanan Hawan Dutse da Ƙanƙara da Matsayin Duwatsun Zamfara

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana yadda masu wasan hawan dutse da na ƙanƙara a ƙasashen duniya suke tara saninsu wuri guda a intanet, sa'an nan mu duba abin da irin wannan aiki zai haifar in aka kawo shi ƙasar Zamfara, musamman yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun da maƙwabtansu. Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta ya ce ina ruwan Bahaushe da wannan batu, tun da yake hawan dutse don nishaɗi ba ya cikin wasanninmu na gargajiya kamar dambe da kokawa da langa. Amsarmu ita ce, hawan dutsen kansa tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne rubuta hanyar hawan da raɗa mata suna da ajiye ta inda duk duniya za ta gani, kuma a wannan sha'ani wanda ya riga rubutawa, maganarsa ake ɗauka.

Kafin mu ci gaba ya kamata mu daidaita kalmomi uku. Idan muka ce "hanya", muna nufin layin da mahayi yake bi a jikin dutse da hannu da ƙafa, daga gindi zuwa wani wuri sananne, ko da kuwa tsawonsa bai wuce gaba goma ba. "Rumbun bayanai" kuwa shi ne ma'ajin da ke cikin kwamfuta, wanda aka tsara shi yadda za a iya neman abu a same shi nan da nan. Kalma ta uku ita ce "ƙanƙara", wadda a Hausa take ɗauke da ma'ana biyu: akwai ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama ko ruwan da ya daskare, akwai kuma dutsen ƙanƙara da ake ƙyasta wuta da shi. A nan ruwan da ya daskare muke nufi. Abin sha'awa ne dai a ce harshen mutanen da ba su da tsaunin ƙanƙara ya riga ya haɗa dutse da daskararren ruwa a kalma guda saboda taurinsu.

2.0 Daga Littafin Masauki Zuwa Wayar Hannu

Rubuta hanyoyin hawa ya girmi intanet da fiye da shekara ɗari. An kafa ƙungiyar mahaya tsaunuka ta farko, watau Alpine Club, a Landan cikin 1857. A masaukan da ke gindin duwatsun Ingila da Wales akan ajiye littafi, duk wanda ya hau wata sabuwar hanya sai ya zauna da dare ya rubuta ta, ya faɗi inda ya fara da inda ya sha wuya. Daga irin wannan sani ne W. P. Haskett Smith ya fitar da littafinsa na jagorar hawan duwatsun Ingila a 1894. Daga nan littattafan jagora suka zama al'ada: mutum ɗaya ko ƙaramin kwamiti ya tattara, a buga, a sayar, bayan shekaru a sake bugawa da gyara.

Illar littafi ita ce, ranar da aka gama buga shi ranar ya fara tsufa. Wani ɓangaren dutse ya ɓalle, mai gona ya toshe hanyar shiga, an hau sababbin hanyoyi ashirin, amma littafi yana nan yadda yake. Wannan giɓi ne rumbunan intanet suka zo cikewa. An fara theCrag a Ostareliya cikin 1999, a shekarar kuma aka fara 8a.nu a Suwidin. Mountain Project, wanda ya fi kowanne ƙarfi a Amurka, ya fito a 2005. A Ingila akwai UKClimbing, a ƙasashen da ke jin Faransanci kuma akwai Camptocamp. Dukkansu tsarinsu guda ne: ma'aikatan rumbun su gina ma'aji, mahaya kuma su zuba bayani kyauta. In muka nemi abin da ya fi kama da wannan a al'adarmu, sai mu ce aikin gayya ne, kowa ya zo da fartanyarsa ya yi kunyarsa ya tafi.

3.0 Abin da Ake Rubutawa

An tsara rumbun kamar yadda ake tsara mulki, daga ƙasa zuwa lardi, zuwa dutse, zuwa fuskar dutse, zuwa hanya. Kowace hanya tana da shafinta. A shafin za a sami sunanta da tsawonta, da sunan wanda aka ce shi ya fara hawanta da shekarar, da hoton dutsen wanda aka ja layi a kai don nuna inda ake bi, da lambobin wurin da tauraron ɗan'adam ke bayarwa, da bayanin yadda ake isa gindin dutsen da yadda ake saukowa. Akan kuma faɗi irin kariyar da ake bukata, watau ko akwai ƙusoshin ƙarfe da aka dasa a dutsen don maƙala igiya, ko kuwa mahayi zai zo da ƙarafansa ya riƙa cusawa a tsaga yana cirewa.

Wurin da aikin gayyar ya fi bayyana shi ne ma'aunin wuya. A Amurka ana amfani da ma'aunin Yosemite, wanda ya faro daga 5.0 zuwa 5.9. Da mahaya suka ƙware sai aka ga an ƙure shi, aka ƙara 5.10 da abin da ya yi sama, aka kuma raba kowace lamba gida huɗu da haruffa, har yau an kai 5.15d. Faransawa suna da nasu, mai lamba da harafi, kamar 6a da 7b, wanda ƙololuwarsa ita ce 9c. Adam Ondra, mutumin ƙasar Cek, shi ya fara ba wata hanya wannan daraja a wani kogo a Flatanger ta ƙasar Norwe cikin 2017. To, wa yake yanke cewa hanya kaza 6a ce ko 6b? Babu sikeli, babu mudu. Wanda ya fara hawa shi ke ba da shawara, waɗanda suka biyo baya kuma kowa ya jefa ra'ayinsa a rumbun, kwamfuta ta fitar da abin da ya rinjaya. Ashe ke nan lambar ba awon dutse ba ce, awon ra'ayin mahaya ce, kuma dogo da gajere ba za su taɓa jin wuyar wuri ɗaya daidai ba. Ban da haka, wuya daban, haɗari daban. Akwai hanya mai sauƙi wadda in mutum ya zame babu abin da zai tare shi. Don haka Amurkawa kan ƙara harafin R ko X don gargaɗi, Ingilishi kuwa suna ba kowace hanya daraja biyu, ɗaya ta tsananin hawan gaba ɗaya, ɗaya ta wurin da ya fi wuya.

Hawan ƙanƙara yana da nasa ma'aunin, mai farawa da haruffan WI, daga 1 zuwa 7. Ana hawan ruwan da ya daskare yana cikin gangarowa daga dutse, da wasu ƙananan gatura biyu masu baki kamar diga, da takalma masu haƙoran ƙarfe. Bambancinsa da dutse shi ne hanyar ba ta dawwama. Ta kan samu a wannan mako ta narke a na gaba, kuma ta bana ba ta zama irin ta bara. Saboda haka abin da mai hawan ƙanƙara ya fi nema a rumbu shi ne labarin jiya: wane ne ya je, me ya tarar. A nan Afirka ma akwai misali. A Tsaunin Kenya, mai tsawon mita 5,199, akwai wani kwararon ƙanƙara da ake kira Diamond Couloir, wanda ya yi suna a duniya cikin shekarun 1970. Ɗumamar yanayi ta sa yanzu da wuya ƙanƙarar ta haɗu daga ƙasa har sama. Mai riƙe da tsohon littafi zai yi tafiyar kwanaki ya tarar da busasshen dutse. Wannan darasi na kwanan wata za mu dawo gare shi, domin ya shafe mu fiye da yadda ake zato.

4.0 Gonar Wa Ake Nomewa?

A gayyar Bahaushe kowa ya san mai gona, an kuma san cewa gobe shi ma zai zo ya rama. A gayyar intanet ba haka abin yake a fili ba. Kamfanin REI ya sayi Mountain Project a 2015, daga baya kuma, a ƙarshen 2020, rumbun ya koma hannun kamfanin taswira mai suna onX. A 2021 wani shiri na sa-kai mai suna OpenBeta, wanda ya kwafi bayanan don kowa ya yi amfani da su, ya sami takardar gargaɗi ta haƙƙin mallaka daga sabon mai rumbun. Mahaya da yawa da suka shekara suna zuba bayani kyauta sai a lokacin suka koma suka karanta sharuɗɗan da suka amince da su tun farko ba tare da dubawa ba. Camptocamp da taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, sun bi wata hanya dabam, sun sa bayanansu ƙarƙashin lasisin da ke ba kowa izinin kwafa muddin ya faɗi inda ya samo.

Mutanen yankin da muke magana a kai ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan haɗarin rajistar da baƙo ya rubuta. An gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, aka shata gonakin noman rani a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Rigimar da ta biyo baya ta taso ne kan diyyar gonaki da itatuwa da kuma yadda aka sake rabon filaye, watau kan abin da takarda ta ce da abin da manomi ya sani game da gonar kakansa. A watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka murƙushe manoman da suka tare hanyoyin aikin, aka rasa rayuka da yawa. Ba mu ce rumbun hawan dutse zai kai ga haka ba. Abin da muke jan hankali a kai shi ne tambayar da ya kamata a yi tun kafin a fara rubutu: a hannun wa rajistar za ta zauna, kuma wa ke da ikon gyara ta?

5.0 Duwatsun Zamfara da Masu Hawansu

Matafiyin da ya taso daga Sakkwato ya nufi Gusau zai lura cewa a wajejen Talata Mafara ƙasa take fara sauya kama. Ta yamma da arewa, wajen Bakura, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai fadamar gulbi da tuddan marmara nan da can. Irin wannan dutse yana marmashewa a hannu, bai dace da hawa da igiya ba. Ta gabas kuwa, daga Maradun zuwa Maru da Bunguɗu, tsohon dutse mai tauri ne yake leƙowa daga ƙasa, har a kai ga tsaunukan Kanoma, da babban dutsen Kwatarkwashi a kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, da duwatsun Tsafe. Dangin waɗannan su ne Kufena da Turunku a ƙasar Zazzau.

Duwatsu irin na Kwatarkwashi suna da halin da ya kamata mai rubuta hanya ya sani. Zafin rana da sanyin dare da ruwan shekaru suna sa fatarsu ta riƙa ɓarewa ɓawo-ɓawo kamar albasa, shi ya sa suke da sulɓi da ƙusumbi, tsaga kuma ba ta da yawa. Ɓawon da ya kusa rabuwa da uwarsa, in aka ƙwanƙwasa shi sai a ji yana amsawa kamar ƙwarya. Da damina gansakuka kan rufe falalen dutse, ƙafa ba ta kamawa. Da bazara kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi dutsen ya yi zafin da tafin hannu ba zai jure ba. Lokacin hawa ke nan shi ne hunturu, da sassafe. Sa'an nan akwai ƙudan zuma da ke gida a kogo da tsaga, wanda a ganinmu ya fi santsi haɗari, domin mutumin da ke rataye a tsakiyar dutse ba shi da wurin gudu. Ma'aunin Yosemite ba shi da lamba ta zuma, na Faransa ma haka.

Wannan sani duk yana nan a ƙirjin mutane. Maharbi ya san inda rema ke kwana da inda birai ke sauka. Mai ɗiban zuma ya san tsagar da za a bi da wadda ba a bi. Makiyayi ya san inda ruwa ke kwanciya a kan fa har tsakiyar rani. A Kwatarkwashi, garin da aka san shi da tsafin Magiro a da, an yi bikin kamun maiki, inda samari kan hau dutsen su kamo wannan tsuntsu a inda yake sheƙa. Waɗannan ba su da igiyar zamani, ba su da takalman roba, amma sun hau. Rumbunan da muka ambata kuwa abin da ke cikinsu game da Nijeriya ƙalilan ne ƙwarai, duk da cewa akwai makarantar horon shugabanci a tsaunukan Shere kusa da Jos wadda ta daɗe tana koyar da hawan dutse. A Afirka ta Yamma, wurin da mahayan Turai suka fi rubutawa shi ne duwatsun Hombori a ƙasar Mali, su ma rashin tsaro ya yanke zuwa can tun wajen 2012.

A nan ne ƙa'idar "wanda ya fara hawa" take zama matsala. Bisa al'adar mahaya, wanda ya fara hawan hanya shi ke raɗa mata suna, sunansa kuma shi ke shiga rumbu. In wani baƙo, ko ɗan birni daga Abuja ko Kano, ya zo ya bi tsagar da masu zuma suka gada kaka da kakanni, ya ɗauki hoto ya sa a intanet da suna na Turanci, a idon rumbun shi ne na farko. Sunan da mutanen gari ke kiran wurin da shi ba shi da gurbin da za a rubuta shi. Batun suna ba ƙaramin abu ba ne ko a can: a 2020 an yi ta muhawara a Amurka kan sunayen hanyoyi masu cin zarafin mata da baƙar fata, har Mountain Project ya buɗe hanyar kai ƙara a kansu. Shawararmu ga duk wanda zai fara wannan aiki a ƙasar Hausa ita ce ya sa sunan gargajiya a gaba, yadda masu wurin suke furta shi, da ƙugiyoyin haruffansa, ya kuma maye gurbin "wanda ya fara hawa" da "wanda ya fara rubutawa", ya ƙara da gurbin mutanen da suka nuna masa hanya in sun yarda a ambace su.

6.0 Abin da Ba a Sa wa a Rumbu

Rumbu yana kiran jama'a, jama'a kuma suna zuwa da ƙusa da guduma. A watan Afrilu na 2021 an gano cewa wani mahayi ya dasa ƙusoshi a kan tsofaffin zane-zanen mutanen asali a wani dutse kusa da Moab a jihar Utah, ya kuma shigar da hanyoyin a Mountain Project. Mu ma muna da irin wannan dukiya: zane-zanen kogunan Birnin Kudu da duwatsu masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Akwai kuma wuraren da masu su ba sa son a taka. A Ostareliya an rufe hawan dutsen Uluru ran 26 ga Oktoba 2019 bisa buƙatar mutanen Anangu. A Devils Tower ta Amurka, tun 1995 ake roƙon mahaya su ƙaurace wa dutsen a watan Yuni saboda ibadar ƙabilun yankin. Rumbunan kirki yanzu suna sa irin wannan sanarwa a saman shafi, kafin ma a kai ga bayanin hanya. Wanda ya san labarin Dala da Barbushe ya san cewa dutse a ƙasar Hausa bai taɓa zama wurin da ba shi da mai shi ba, kuma ko da akida ta sauya, hakimi da dagaci da tsofaffin unguwa suna nan, su ne za a fara yi wa sallama.

Sai babban dalili, wanda mahayan Turai da Amurka ba su cika tunaninsa ba. Tun wajen 2011 Zamfara take fama da 'yan bindiga, kuma yankin da muke magana a kai ya ɗanɗana kuɗarsa. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka sace 'yan mata ɗalibai a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara, a watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka kwashi ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun. A irin wannan hali, lambobin wurin kogo da maɓuɓɓuga da ɓoyayyar hanyar hawa ba bayanin wasa ba ne. Kogon da mahayi zai kira wurin hutawa mai inuwa, wataƙila nan ne mata da yara ke fakewa in an shigo gari. Haka kuma shafin da ya ce "hanyar shiga lafiya lau" ba tare da kwanan wata ba zai iya kai baƙo ga halaka. A nan ne darasin masu hawan ƙanƙara ya shafe mu: a wurinsu ƙanƙara ce ke sauyawa daga mako zuwa mako, a wurinmu hanyar zuwa gindin dutsen ce. Duk bayanin shiga da ba ya ɗauke da ranar da aka rubuta shi, gara babu shi.

Saboda haka muna ganin aikin ya rabu gida biyu, kuma ba tare za a yi su ba. Na farko shi ne tattara sunaye da tarihi da kalmomi daga bakin maharba da masu zuma da makiyaya, waɗanda da yawansu sun tsufa, wasu kuma rikici ya raba su da garuruwansu. Wannan ba ya bukatar kowa ya hau dutse. Ɗalibai na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara ko na Kwalejin Ilimi ta Maru za su iya yin sa da waya da littafin rubutu, a cikin gari, a ajiye a ɗakin karatu. Na biyu, watau buga lambobin wuri a intanet, sai ya jira, kuma ko an zo yin sa, masu gari ne za su ce wannan a sa, wancan a bari. Ko ta fuskar na'ura ma akwai abin lura. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a duk faɗin jihar na tsawon makonni saboda aikin soja, don haka ma'ajin da ba ya buɗuwa sai da intanet zai iya ɓacewa a daidai lokacin da ake nemansa. Ya kamata a sami kwafi a kan waya, da kwafi a kan takarda a hannun dagacin garin da dutsen yake.